Garar Aure a Shekarar Tsada: Nazarin Yadda Wani Gida a Kano Ya Yi Nakiya da Alkaki da Dubulan

Gidan da wannan nazari ya shafa yana cikin tsohon birnin Kano, gidan gado ne mai sassa uku, kuma a daminar shekarar 2024 ne aka aurar da babbar 'yar ɗaya daga cikin sassan, makonni kaɗan bayan Babbar Sallah. Uban amarya ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa ajiye aiki, mahaifiyarta kuma tana sana'ar ɗinki a cikin gida. Kayan ɗaki sun riga sun cinye adashen da uwar ta kwasa da kuɗin wani fili da uban ya sayar, saboda haka lokacin da aka zo maganar gara kuɗi sun yi ƙasa ƙwarai. Abin da za a duba a nan shi ne ɓangare ɗaya na garar, wato kayan zaƙi, da shawarar da aka yanke a kansu, da yadda aikin ya gudana, da abin da ya biyo baya.

Gara dai ita ce kayan abincin da dangin amarya ke kai wa gidan ango bayan tarewa: shinkafa, gero ko masara, taliya, man gyaɗa, manja, gishiri, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, sannan alkaki da nakiya da dubulan da cincin. Malamai sun sha nanatawa cewa a shari'a ciyarwa tana wuyan miji ne, gara kuwa al'ada ce kawai, kuma babu wanda ya yi musun haka a gidan. Sai dai akwai bambanci tsakanin buhuna da kayan zaƙi wanda duk uwar da ta taɓa aurar da 'ya ta san shi. Buhuna ɗakin ajiya suke shigewa, ba mai sake ganinsu sai masu gida. Kayan zaƙi kuwa rabawa ake yi. Uwar ango ce ke zama ta ƙulla su a leda, ta aika wa 'yan'uwanta da dangin mijinta da maƙwabta da abokan arziki, ta yadda alkaki guda zai iya shiga gidan da ba a taɓa ganin amaryar ba, a fasa shi, a ɗanɗana, a yanke hukunci a kan irin gidan da ta fito. Wannan ne ya sa uwar amarya ta fi damuwa da bokitan zaƙi a kan buhunan hatsi, alhali buhunan sun fi su tsada.

Lokacin ma bai taimaka ba. Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki farashin naira a watan da ya biyo baya, kayan masarufi suka riƙa hawa ba sauka, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna cewa a watan Yuni na 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kayan gara na zaƙi suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin mafi yawan sukarin da ake sha a Najeriya ɗanyensa ake shigowa da shi daga waje a tace, haka kuma alkamar da kamfanoni ke niƙa fulawa da ita. Duk lokacin da dala ta motsa, sai buhun sukari da na fulawa su motsa a Kasuwar Singa. Abin da ya ɗan sassauta shi ne alkamar gida, wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ake kuma girbe ta wajen Maris zuwa Afrilu, don haka a tsakiyar shekara ana samunta a Dawanau ba tare da wahala ba. Ita ce kuwa alkaki yake buƙata.

Shawarar da aka yanke

Hanyoyi biyu aka fara tattaunawa. Ta farko ita ce a bai wa masu sana'a, waɗanda yanzu suka yawaita a Kano, suna karɓar aiki ta waya suna sayarwa bokiti-bokiti. Ta biyu ita ce a yi a gida kamar yadda aka saba. Da aka tambayi farashin masu aiki mai kyau sai aka ga kuɗin da ke hannu ba zai kai rabin abin da ake so ba, masu araha kuwa ba a san da wane mai suke suya ba, don haka aka tsaya a kan yi a gida. A nan ne ainihin saɓanin ya fito. Ƙanwar uwar amarya ta kawo shawarar a ci gaba da yin dukkan nau'o'in, har da cincin da kek, a kuma cika adadin bokitan da aka kai lokacin auren wata 'yar gidan shekarun baya, amma a rage tsada ta hanyar haɗi: a cuɗa fulawa cikin alkamar alkaki, a yi nakiya da man gyaɗa zalla ba man shanu, a tsinka ruwan sukari don ya isa. Hujjarta ba ta banza ba ce. "Yaya," in ji ta, "mutane da ido suke fara ci. Idan aka sauke kaya aka ga bokiti uku, kafin a buɗe an gama da mu."

Yayar uban amarya, wadda kowa a gidan ke kira Goggo, kuma ita kaɗai ce ta iya kwaɓin alkaki tun daga tushe, ba ta yarda ba. Ta ce da uwar amarya, "Hajiya, ranar sauke kaya rana ɗaya ce, cin kayan kuwa sai a yi wata ana yi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan ƙarfinmu na uku ne, mu yi ukun da za a ci a tambayi wanda ya yi." Bayan kai-kawo aka bi maganarta. Aka soke kek, aka soke cincin bisa dalilin cewa kowane shago ana samunsa kuma ba ya nuna hannun kowa, aka tsaya a kan nakiya da alkaki da dubulan. Uwar amarya ta ƙara da wata dabara mai amfani: ta aika wa 'yan'uwa da ƙawayen da ta san za su kawo gudunmawa cewa wadda ta yi niyyar atamfa ko kwanuka, ta kawo sukari ko man gyaɗa a maimakonsu. Wasu sun ga abin kamar roƙo, amma da yawa sun ji daɗin an sauƙaƙa musu zaɓi, kuma ta wannan hanya aka sami kusan duk sukarin da aka yi aiki da shi.

A ganina shawarar Goggo ce daidai, ba don tsufa ko riƙon al'ada ba, sai don duk hanyoyin ragin da aka kawo suna taɓa abin da ke sa kayan nan su daɗe ne. Nakiya da alkaki abinci ne da aka tsara don ajiya tun kafin zuwan firji, kuma abin da ke tsare su shi ne bushewa da yawan sukari da mai. Wanda ya tsinka sukari bai rage zaƙi kaɗai ba, ya ƙara ruwa ne a cikin abin da zai zauna a rufe cikin zafi da laimar damina.

Nakiya

Da nakiya aka fara, kusan mako biyu kafin biki, domin ita ce ba ta tsoron jira, hasali ma idan ta kwana biyu ta fi daɗi, kayan ƙamshinta sun ratsa ta. An wanke shinkafar tuwo, an tsane ta a kwando, sai matsalar farko ta bayyana: babu ranar shanya. Hadari ya yi ta haɗuwa, don haka aka baje shinkafar a kan tabarmi cikin ɗaki, ana juya ta da hannu, ana kunna fanka duk lokacin da aka kawo wuta. Goggo ta hana a kai inji sai da ta ɗauki ƙwaya ta ciza ta ji ta fashe ƙaras, domin shinkafar da ke da sauran danshi garinta dunƙulewa yake yi, kuma shi ne mafarin nakiyar da ke yin tsami bayan mako uku. An kai niƙa da sassafe, kafin mai inji ya fara markaɗen kayan miya, aka kuma sa ya fara wuce ɗan tsakin shinkafa don ya share bakin injin. Tare da shinkafar aka niƙa citta da kanumfari da masoro da kimba da ɗan barkono.

Wasu gidajen suna soya shinkafar kafin niƙa, wasu kuma garin suke soyawa. A nan garin aka soya, a busasshiyar tukunya ba mai, kaɗan-kaɗan, a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa har ya sauya daga fari zuwa ruwan ƙasa mai haske, ƙamshin gafi ya tafi. Wannan suya ita ce dahuwar nakiya gaba ɗaya, domin ba za ta sake ganin wuta ba. Daga nan aka dafa sukari har ya yi danƙo, aka zuba a kan garin, aka juye a turmi, 'yan mata biyu suna kirɓawa ana ɗiga mai, har ta haɗe jikinta tana sheƙi ta daina kama taɓarya. A batun mai an yi sulhu: rabi man shanu da aka soya, rabi man gyaɗa. An cura ta, an jera a bokiti, an shafe samanta da mai, an rufe. Daga ranar ba a sake tunaninta ba sai ranar kai kaya.

Alkaki

Alkaki ne ya fi cin lokaci, kuma a kansa aka yi kuskuren da ya kusa cinye ribar yin aikin a gida. An tsince alkama an fitar da tsakuwa, an wanke, an busar, sannan aka kai aka ɓarza ta, ba a niƙa ta da laushi ba, domin ɓarzar ce ke ba alkaki wannan rugurgujewa a baki wadda fulawa ba ta iya bayarwa. Goggo ta fara murza ɓarzajjen garin da mai tsakanin tafukanta har kowace ƙwaya ta sha, tana gwadawa ta hanyar dunƙula shi a hannu: idan ya tsaya bai warware ba, man ya isa. Sai ta kwaɓa da nono mai tsami da ɗan ruwa, kwaɓi mai tauri, ta rufe da tsumma mai tsabta ta ajiye ya kwana. Da hunturu irin wannan kwaɓi yakan nemi kwana biyu kafin ya tashi, amma a ɗumin daren Yuli dare ɗaya ya wadatar, kuma da an bar shi ya ƙara da tsaminsa ya wuce misali. Da safe ta jiƙa kanwa, ta tace ruwan, ta riƙa yayyafawa tana cuɗawa tana ɗanɗanawa a kan harshe. Kanwa ce ke kashe tsamin ta kuma sa alkakin ya saki jiki a cikin mai, amma idan ta yi yawa sai ya yi duhu ya ɗauki ɗaci-ɗaci. Babu awo a wannan mataki, kuma da ɗaya daga cikin 'yan matan ta tambaya, "Goggo, cokali nawa za a sa?" amsar da ta samu ita ce, "Zo ki ɗanɗana, tsamin jiya ba shi ne na yau ba."

Naɗi aikin taro ne. Mata shida zuwa bakwai suka zauna kewaye da faranti, kowace tana gutsurar kwaɓin, ta mulmula shi a tafin hannu ya yi tsawo, ta naɗe a yatsu biyu ta soke bakin a tsakiya. Goggo ta riƙa mayar da duk wanda ya fi sauran kauri, ba don kyan gani kaɗai ba, sai don mai kauri bayansa zai yi ja cikinsa bai soyu ba. An yi suyar da man gyaɗa na masu ƙuli, wanda aka fara ɗorawa a wuta shi kaɗai har kumfarsa ta kwanta, kuma an hana a jefa masa albasa kamar yadda ake yi idan na miya ne. Wutar matsakaiciya ce, domin alkaki so yake ya bushe har ciki kafin ya yi ja. Ana tsame shi da matsami sai a jefa shi da zafinsa cikin ruwan sukari mai ɗumi, a bar shi ya sha, a kwashe a kwando ya tsane.

Tukunyar sukari ta farko Goggo ce ta dafa da kanta. Ta zuba ruwan tsamiya da ta tace tun sukarin bai tafasa ba, ba ta sake sa ludayi a ciki ba bayan ya narke, kuma ta gwada shi ta hanyar ɗiga kaɗan a faranti, ta taɓa da yatsa biyu ta buɗe, ya ja zare siriri bai tsinke nan take ba. Alkakin da ya shiga wannan tukunya ya fito yana ƙyalli, kuma da aka fasa ɗaya aka ga sukarin ya ratsa har tsakiya. Da azahar ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta, sukari ya ƙare, sai waɗanda ke wurin suka ɗora tukunya ta biyu don kada mai ya huce. Ruwan tsamiya ya riga ya ƙare, suka ga ba wani abu ba ne, suka dafa sukarin zalla, suna juyawa don ya yi saurin kauri, suka kuma bar shi ya wuce lokacinsa. Da zafinsa ba a ga komai ba. Yana hucewa sai alkakin ya yi fari fat, sukarin ya ƙanƙare a bayansa yana zuba kamar yashi, cikinsa kuwa a bushe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsamin tsamiya ko na lemun tsami, idan ya haɗu da zafi, yana farfasa wani kaso na sukari zuwa nau'o'i biyu masu sauƙi waɗanda ba sa saurin komawa ƙwaya, shi ya sa ruwan ke zama da danƙonsa bayan ya huce, kuma shi ya sa alkakin da ake yi da zuma ba ya yin wannan fari. Juyawa kuwa tana jawo ƙwayoyin da suka bushe a gefen tukunya su koma ciki, sauran sukarin ya bi su ya daskare. Sannan ruwan da ya yi kauri fiye da kima ba ya iya shiga cikin alkaki, a waje yake tsayawa. Da Goggo ta dawo ba ta zubar da komai ba. Ta ƙara ruwa a tukunyar, ta matse lemun tsami, ta goge gefenta da jiƙaƙƙen tsumma, ta sake dafawa, aka ci gaba da aiki da shi. Wanda ya riga ya yi fari kuwa ta ce ba zai fita gidan ba, aka ware shi don yara da masu taya aiki. Asarar ta kai kusan rabin bokiti, kuma sai da aka sake sayo alkama aka yi wani kwaɓin ya kwana kafin a cike gurbin. An iya yin haka ne kawai domin an fara alkakin saura kwanaki da biki. Da a jajibiri aka yi shi, kamar yadda gidaje da yawa ke yi don a ce sabo ne, da ko dai an kai farin, ko an kai bokiti da rama.

Dubulan da lissafin ƙarshe

Dubulan aka bari ƙarshe, saura kwana biyu a kai kaya, domin shi ne mafi rauni. Abinci ne da ake dangantawa da Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a Kano tun zamanin fatauci ta Sahara, kuma har yau ana yin irinsa a Libiya da Tunisiya. An kwaɓa fulawa da mai da ɗan gishiri, an wuce da ita ta injin taliya na hannu sau da yawa har ta yi falan-falan, an yanka, an naɗe, an soya sama-sama ba a bari ya yi ja ba, an tsoma a ruwan sukari mai lemun tsami. An ware masa sabon mai tun farko, domin man da aka soya alkaki ya riga ya yi duhu da kanwa da burbushi, kuma dubulan da ya yi duhu ba a kallonsa sau biyu. Wannan aiki 'yan matan gidan ne suka yi shi kusan su kaɗai, sun kuma fi manyan iya sarrafa injin.

Da aka zauna lissafi bayan biki, an gano cewa sauƙin da aka samu bai kai yadda aka zata ba. A lissafin farko ba a sa itace da gawayi ba, ba a sa kuɗin niƙa da na ɗan sahun da ya riƙa jigila ba, ba a sa abincin da aka dafa wa masu taya aiki na tsawon kwanakin ba, balle alkamar da aka sake saya. Uwar amarya kuma ta ajiye kekenta fiye da mako guda a daidai lokacin da ɗinkin biki ke shigowa. Idan aka haɗa duka, da ba don sukarin gudunmawa ba, kuɗin zai yi kusa da na masu sana'a matsakaita. Abin da yi a gida ya ba su a zahiri shi ne sanin abin da ke cikin kowane bokiti: wane mai, wace alkama, wane irin sukari.

Ranar kai gara, abin da ƙanwar uwar ta ji tsoro ya ɗan faru. Wata daga cikin dangin ango ta tambaya ko akwai sauran kaya a mota, aka ce babu, kuma tukwicin da aka bai wa masu kai kayan bai taka kara ya karya ba. Bayan kwanaki kuwa uwar ango ta aiko tana tambayar wadda ta yi alkakin, domin wata ƙanwarta na da biki a gaba. Nakiyar ta kai bayan damina lafiya lau a ɗakin amarya, alkakin da ta ɓoye wa kanta ma ya yi fiye da wata bai canja ba. Dubulan ne ya gaza: cikin mako biyu wanda ya rage ya sha laima ya yi laushi, duk da murfin bokitin yana rufuwa sosai, abin da ya nuna cewa da an san haka da an rage yawansa an ƙara a kan alkaki, tunda bikin damina ne.

Batun da gidan bai warware ba shi ne na hannu. 'Yan matan sun ɗauki kusan kowane mataki a waya, sun rubuta yawan kwanon alkama da na sukari, amma wurare biyun da aikin ya rataya a kansu, wato kanwar kwaɓi da zaren sukari, ba su da awon da za a rubuta, kuma a kan ɗaya daga cikinsu ne aka yi asara cikin 'yan sa'o'in da Goggo ta bar gidan. Ita kuma shekarunta sun ja, zaman gaban murhu yana tayar mata da ciwon ƙafa. Ta ƙi karɓar aikin ƙanwar uwar ango saboda wannan dalili, amma ta ce idan Allah ya kawo haihuwa aka zo garar jego, ba za ta taɓa kwaɓin ba, za ta zauna a kujera ne ƙanwar amarya ta yi a gabanta, da kwano biyu kacal na alkama, don idan ya lalace asarar ta zo da sauƙi.